Fim ɗin da na tura wa ƙanin matata

Duk Asabar ina sharhin fina-finai a wani gidan rediyo a nan Bauchi, tsakanin labarai da gaishe-gaishe. A wancan makon fim ɗin tarihi na ɗauko, a kan ƙiyayyar Yahudawa a Turai da yadda 'yan siyasa suka ci abinci da ita. Ba gawarwakin ne suka tsaya mini a rai ba, yadda abin ya faro ne: raɗe-raɗi a kasuwa, takarda a bango, sai fenti a ƙofar shago. Na zayyana shi daki-daki, na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Washegari sai ga ƙanin matata a gidana da ke unguwar Ɗan Iya, har da kankana. Mutumin da ko gaisuwar Sallah sai an yi masa aike! A lokacin yana yi wa wani attajiri kamfen ɗin shugabancin 'yan kasuwar bakin barikin Shadawanka.

"Yaya, jiya ka burge ni wallahi. A tura mini fim ɗin nan mana."

Ni kuma da shegen son yabo, na tura masa, har ina nuna masa wuraren da zai maimaita.

Abokin takarar maigidan nasa maƙwabcina ne, mai kemis, Kirista daga kudancin jiha. Shi ya kai matata asibiti ranar da naƙuda ta kama ta ba na gari. Ya taɓa zuwa ziyara Ƙudus, hoton na rataye a shagonsa shekara da shekaru, ba wanda ya damu.

Ba a yi mako ba saƙon murya ya fara yawo a wayoyi: wai mai kemis ɗin Bayahude ne, wai maganinsa yana kashe mahaifa. Mata suka ɗauke ƙafa. Ran Juma'a da hantsi na bi ta wajen, na ga tauraro mai tsini shida, alamar Yahudawa, a ƙofar kemis ɗin, da jan fenti, ko bushewa bai yi ba. Sak irin na cikin fim ɗin.

Na koma gefe na kira ƙanin matata, na wanke shi tas. Ya bari sai da na gama.

"Haba Yaya, siyasa ce fa. Ai ba a taɓa shi ba tukuna."

Maƙwabcin nawa yana tsaye da bokiti da tsumma. Muka gaisa, ya dube ni.

"Malam, na saurari shirinka ran Asabar, amma wuta ta ɗauke ban ji ƙarshe ba. A fim ɗin, bayan fenti me ya biyo baya?"

Na san amsar sarai. Na karɓi tsumman daga hannunsa na hau goge ƙofar.