Mai Tsamo Ganye a Miya

Kwana uku ke nan mutumin yana zuwa shagon abincin Perpetua a bayan garin Toronto, kullum miya ɗaya yake oda. Rigarsa ta 'yan ofis ce, amma hannunsa duk tabon ƙunar mai. Yakan shinshina miyar, ya tsamo ganye ya naɗe a takarda, ya cusa a aljihu. Ga shi ana fentin sabon shagon abinci a tsallaken titi.

Perpetua ta raɗa wa mijinta a kicin, "Renato, ɓarawon miyarmu ya dawo."

"Haba, ƙila daɗinta yake ji."

"Daɗin ne ya sa yake ciyar da aljihu? Zuba masa ganyen shayi yau, ya je ya buɗe shagonsa na tsallaken titi da shi."