Baba Dalhatu, Mai Jiran Fuska ta Saki

Shekara talatin da takwas ke nan, da hantsi Baba Dalhatu Mai Hoto yake buɗe ɗan shagonsa na bakin kasuwar Gwarzo, ya kakkaɓe shuɗin labulen nan da ya koɗe, ya juya kujerarsa ɗaya tilo wajen taga. Bai taɓa sayen fitilar ɗaukar hoto ba, tagar ta ishe shi. Ƙarshen watan nan zai rufe, don ido ya fara yi masa gardama.

Mubina, 'yar Kabo mai karatun ɗaukar hoto a Kano, ta daɗe tana wuce shagon ko kallo bai ishe ta ba. Ita hotunan taurarin fim da na masu tallan kayan ƙawa ne suka tafi da imaninta, tana iya wuni tana nazarin yadda haske ya kwanta a kan leshi. Wata uku ta yi tana ɗaukar 'yan mata cikin kwalliya, amma malaminta ya duba ya ture gefe.

"Na ga kaya, ban ga mutum ba," in ji shi. "Sati biyu gare ki, ko ki maimaita shekara."

Takaici ne ya kai ta shagon da ta raina. Ranar kasuwa ce, tana zaune wani manomi ya shigo, ya ƙame kamar an kai shi gaban alƙali, ya ɓoye hannuwansa masu kanta a baya. Baba bai ko taɓa kyamara ba.

"Malam Habu, an ce bana dawarka ta fi ta kowa a Kutama."

"Kai, Baba, wa ya gaya maka? Wallahi zangarniya ɗaya kamar haka!"

Hannuwan suka fito suna gwada girmanta, fuska ta washe. A nan Baba ya danna kyamara.

"Mutanenmu tsoron kyamara suke kamar allura," ya ce wa Mubina. "Ki gano abin da mutum ya fi so a duniya, ki tambaye shi, ki jira. Wai ke 'yar gidan wa ce?"

"'Yar marigayiya Uwaliya ce, Baba, ta Dugabau."

Sai ya shiga bincikar gwangwanayen da yake adana tsofaffin hotuna, kowane ƙauye da nasa. Mubina tana da shekara uku uwarta ta rasu. Hotonta ɗaya ta sani, na katin zaɓe, fuska a murtuke, har ta girma tana zaton matar ba ta dariya. Ga ta nan yanzu a hoton da Baba ya zaro ya miƙo mata, cikin atamfa, ta waiwaya ta kafaɗa, tana dariya har da wushirya.

"Baba, me ka tambaye ta?"

"Sunan 'yar da ta goya."

Mubina ta yi kuka sosai, shi kuma ya ƙyale ta ta yi.

Hoton da ya fitar da ita kunya a makaranta na Baba Dalhatu ne da kansa. Abin dariya, shi ma da aka zaunar da shi sai ya ƙame ya ɓoye hannu, sai da ta tambaye shi labarin kyamararsa ta farko.

Baba, kai ne ka ɗauki manomi da mai koko yadda ake ɗaukar taurari, ba wanda ya taɓa rubuta sunanka a ƙasan hoto. Kai ne ka adana fuskokin iyayenmu lokacin da mu muka shagala da na wasu. Mun gode, Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu riƙe da waya, kafin ku danna ku ɗan tsaya ku tambayi mutum wani abu. Wata rana marayansa zai zo neman dariyarsa.