Sauƙin Ɗauka

Kowa a ɗakin motsa jikin nan lilo yake yi da ƙarfensa, dunƙulen nan mai mariƙi kamar buta marar baki. Dattijon da ke bakin taga ne kaɗai ba ya lilo. Furfura ta cinye gemunsa, jijiyoyin hannunsa sun fito kamar saiwar da ruwa ya tone.

Durƙusawa yake yi, ya zura hannu biyu ƙarƙashin ƙarfen, ya rungume shi a ƙirji, ya miƙe a hankali. Leɓunansa na motsi: "Sannu, mun kusa." Sai ya ajiye shi a kan benci, ko ƙara babu.

Koci ya matso yana dariya. "Baba, ai ba jariri ba ne. Da ƙugu ake tura shi."

"Uwar yarana nake ɗagawa daga gado, ɗana. Abin da na zo koya ke nan."

Dariyar ta ɗauke. "Allah ya ba ta sauƙi. To, koma babban ƙarfen can, ka ƙara ƙarfi."

Dattijon ya daɗe yana kallon babban ƙarfen.

"Da na fara, shi nake hari. Yanzu ba sai na kai can ba. Sauƙin da take samu ke nan: kullum ƙara sauƙin ɗauka take yi."