Jarkar Kunun Aya Daga Maigatari

Gagarawa Tasha, da asuba

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jarkata na fito bakin titi. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, a tsakiyar bazara, irin zafin da tun kafin rana ta fito riga ke manne wa mutum a baya. Na ba hamsin baya, gwiwata ta hagu ba ta shiri da mota, kuma ban yi barcin kirki ba. Amma dole ƙanwar na ƙi ce.

Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun ina ƙarami, tana kwance a Sule Tankarkar. Kusan mako guda ba ta sa komai a baki sai ruwa. An dama koko ta kau da kai, an yi farfesun kaza ta ce a ba yara. Ɗanta Lawan ne ya kira ni a waya, ya ce likita ya faɗa masa gaskiya, ƙarin ruwa kaɗai ba zai riƙe ta ba in ba ta fara cin wani abu ba. Abu ɗaya ta ambata da bakinta: kunun ayar shagon Barmo na Maigatari, wanda marigayi mijinta, dillalin shanu, ke kawo mata duk ranar kasuwa. Lawan ba zai iya barin gefenta ba, sai aikin ya faɗo kaina.

Matata tana miƙo mini jarkar ta ce, "Malam, kunun aya har Maigatari? Ai ni ma na iya."

Na ce, "An yi mata sau biyu a gida, ko kallonsa ba ta yi ba."

Motar farko da ta tsaya cike take da fatake, aka matsa mini rabin kujera. Wani tunkiya biyu ya ɗaure a but, suka yi ta kuka har Gumel. Ni ma da an ba ni dama da na taya su.

Gumel zuwa Maigatari

A Gumel ban ko sha shayi ba, na faɗa wata motar. Daf da Maigatari aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya leƙo, idonsa ya sauka kan jarkar da ke kan cinyata.

"Baba, fetur za a ɗebo?"

"Kunu zan sayo, ɗana."

Ya karɓa ya buɗe, ya shinshina, ya mayar mini. Mutanen mota suka yi dariya, wani ya ce lalle wannan kunu da daraja yake.

Shagon Barmo

Na yi zaton shagon a kasuwa yake. Ashe cikin unguwa ne, bayan karar shanu, sai da na tambayi mutum uku. Barmo ya daɗe da rasuwa, ɗansa Ado ne ke riƙe da wurin, wani dogo mai magana a hankali. Ba a sayar da komai a shagon sai abin sha. Ba biredi, ba sabulu, ko alawa babu. Randuna ne a jere, an binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi, kowace da faifanta: zoɓo, lamurje, ruwan tsamiya, kunun zaƙi, sai ta ƙarshe a lungu, ta kunun aya. Mutanen unguwa ke shigowa da kwanoninsu da butocinsu, kowa ya san randarsa.

Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya nuna mini benci.

"Zauna tukuna, Malam. Nan ba a saye sai an ɗanɗana. Haka Baba ya bar mana."

"Sauri nake, mara lafiya ke jira."

"To madalla, Allah ya ba ta lafiya. Ɗanɗana."

Ya miƙo ƙaramin ƙoƙo. Ya fara da zoɓo, wanda ban tambaya ba, sannan lamurje mai citta da ya sa ni tari, sannan ya zo kan abin da na zo nema. Gaskiya ko da na ji haushin jinkirin, ban taɓa shan kunun aya irin wannan ba. Da kauri, da ƙanshin dabino da kanumfari, sanyinsa na randa ne, ba ya sara haƙori. Na tambaye shi ko ya san mijin Gwaggo, ya ce lokacin yana yaro, dillalan da ke zuwa kuma ba su ƙirguwa.

Ya cika jarkar, ya ɗaure bakinta da leda kafin ya murɗa murfi.

"Ina za a kai?"

"Sule Tankarkar."

Ya miƙo mini jarkar. "Kunun aya ba ya son rana, ba ya son jijjiga. In ka wuce azahar a hanya, sai dai haƙuri. Ka nemi galas ka sa masa."

Ƙanƙara yake nufi, haka mutanen tsallaken iyaka ke kiran ta. Na same ta a bakin kasuwa, kuɗinta ya kusa kamo na kunun. Na farfasa, na jera a buhu, na tura jarkar a tsakiya na ɗaure. Da hantsi na nufi tasha ina jin na gama rabin aiki.

Tashar Maigatari

Nan wautata ta fito. Ranar kasuwa da safe kowa shigowa yake, ba mai fita. Motocin Gumel suna jere baki buɗe, ni kaɗai ne fasinja. Na zauna a gaba, buhun a ƙarƙashin ƙafata, ina jin ruwan ƙanƙara na ɗiga a kan silifas ɗina.

"Direba, yaushe za mu tashi?"

"Yanzun nan, Baba. Saura mutum biyar."

Aka jima na sake tambaya, ya ce saura mutum biyar. Rana ta take tsaka muna wurin. Na biya kuɗin kujera biyu, wata mata mai buhun kanwa ta biya biyu, sannan ya yi wa motar ki yana ƙunƙuni. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta yi faci, safayar kuma ba iska. Muka zauna a gindin wata aduwa mara inuwa, yaron mota ya hau babur ya koma gari da tayar. A nan na yi azahar. Da na taɓa buhun, ba sauran ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya, jarkar ta yi ɗumi, cikinta ya fara kumbura.

A shinge na dawowa wani jami'in ne daban. Yana murɗa murfin sai jarkar ta yi tsaki, kumfa ta biyo bakinta. Ya dube ni, ya dubi gemuna.

"Baba, wannan fa kamar ya fara zama wani abu."

"Kunun aya ne. Rana ce ta taɓa shi."

Ya rufe ya miƙo mini, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kunya ta hana ni ɗaga kai har muka shiga Gumel.

Gumel, bayan la'asar

Na zauna a dakalin wani masallaci na zuba kaɗan a murfi na kurɓa. Ya yi tsami. Bai lalace ba, amma zaƙin ya ja baya, yana ɗan cizon harshe. Na yi ta kallon kwatar da ke gabana, na ce in tuntsurar da shi in huta da kaya. Gajiya ce ta hana, da tunanin wahalar da na sha a kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san Gwaggo ba ta da sauran Alhamis da yawa da za ta jira.

Na shiga wani shago mai firji na sayi kunun aya na roba, mai sanyi, wanda aka yi a ranar. Na kira Lawan na faɗa masa komai. Ya ce, "Yaya, kawo na robar mu juye a kofi. Ina za ta gane?" Na hau acaɓa, jarka a cinya, roba a aljihun babbar riga, kowane rami sai gwiwata ta amsa.

Sule Tankarkar

Ana shirin magariba na shiga gidan. Gwaggo ta rame har na ji tsoro. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana.

"Babana, ka sha hanya."

"Ba komai, Gwaggo. Ga kunun."

Matar Lawan ta tallafo ta, aka juye na robar a kofi aka kai mata baki. Ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

"Wannan ruwan alawa ne. Ku ba yara."

Na rasa inda zan sa idona, sai na faɗi gaskiya: na je shagon, na sayo, amma hanya ta ci ni, ya yi tsami, ga shi can a zaure.

"Ɗauko."

Lawan ya ce, "Inna, ya fara juyawa fa. Anya ya halatta?"

"Tsami ne, ba maye ba. Fura in ta kwana zubarwa kuke?"

Na ɗauko na buɗe a hankali, ya yi tsakinsa. Tun kafin a zuba ta ɗago kai, ƙanshin ya kai mata. Ta riƙe kofin da hannunta biyu, ba ta bari an riƙe mata ba. Ta sha, ta huta, ta sake sha.

"Shi ne," in ji ta. Ta dubi Lawan. "Babanku da hantsi yake saye, sai ya gama cinikin shanu, ya tsaya hira a Gumel, sannan ya shigo bayan isha yana ce mini mota ce ta ɓaci. Duk zamanmu ban taɓa shan kunun nan da zaƙinsa ba."

Ta shanye kofin. Can ta ce ko akwai sauran kokon da aka dama, a ɗumama mata, amma da kauri. Matar Lawan ta fita da gudu tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa na zauna a ƙasa na jingina da bango.

Komawa gida

A zaure na kwana. Da safe na tarar ta ci ɗan ɗumamen tuwo, loma uku ko huɗu, Lawan yana ta murna kamar an ba shi kujerar Makka. Na yi mata sallama, na bi ta Gumel, kafin azahar ina gida matata na shafa mini man zafi a gwiwa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ado da randunansa, har direban da ba shi da iska a safaya na yafe masa, tunda ashe aiki ya yi mini.

Ban gama miƙe ƙafa ba waya ta yi ƙara. Lawan ne, ya ce Inna ke son magana. Muryarta ta fito a hankali.

"Babana, Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu, kada ka sa masa ƙanƙara. Kuma kada ka yi sauri."