Jan Murfin da Isuhu Ya Ƙi Yabawa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Isuhu, kuma har yau ina jin haushinsa kamar jiya muka rabu.

Lissafi ne aikinsa, ni kuwa unguwarzoma ce a wajen Barmu. Shi aka ba alƙaluman wani gwaji na maganin ƙarin jini ga masu ciki. An raba matan kashi huɗu, kowane kashi da kalar murfin kwalbarsa. Da aka fara dubawa, sai masu jan murfi suka ɗan yi gaba. Kafin a ce me, labari ya kai Kalfu.

Isuhu ya ƙi sa hannu a kan cewa maganin mai jan murfi ya fi sauran. Ya ce kashi huɗu in an gwama su bibbiyu, gwami shida ke nan, kuma mai jifan magarya sau shida zai kaɗo ɗiya ko idonsa a rufe. Don haka dole a tsananta ma'auni gwargwadon yawan gwamin. Da ya tsananta, fifikon ya ɓace. Na ce masa mata na jira. Ya ce, "Mi kike so in ce musu, Hadiza? Ban ce ba ya yi ba. Cewa niy yi ba mu sani ba." Ya roƙi a sake gwaji. Ba a sake ba, shi kuma ciwo ya ɗauke shi.

Da zai leƙo kasuwar Tawa yau, ban san inda zai sa kansa ba. Kowane mai tebur yana da kwalba mai jan murfi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Sunanta maganin Isuhu. Ina ba masu ciki ƙwayoyin asibiti, su karɓa da ladabi, su zuba a kwalla su ajiye ba tare da sun sha ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na gaji.

Gaskiyarsa ta bi shi kabari, sunansa ya zauna kan abin da ya ƙi. Ɗiyarsa Zainabu cikinta wata bakwai, tafin hannunta fari fat don ƙarancin jini. Makon jiya na tarar da kwalbar a ɗakinta, na ɗauke. Ta riƙe hannuna, ta ce, "Gwaggo, bar mini. Shi ɗai na abin da Baba yab bar mini."