Ciwon da Kawun Dogo Ya Ɓoye

A gidanmu na Akurba ba a jin tatsuniya a banza. Da an idar da sallar magariba, Iya, kakata ta wajen uba, za ta juye mana agushi a faifai, ta tura doya biyu cikin garwashin murhu, ta ce duk wanda hannunsa ba zai ɓara ba, ya kwashe kunnuwansa ya ba mutane wuri. Mu bakwai ne jikokinta, kuma ni ne sarkin surutu, don haka ni na fi kowa shan ranƙwashi. Tatsuniyoyin kura da zomo da dariya take yin su. Amma akwai labari guda da in ta ɗauko shi sai ta ajiye muciya, ta haɗe rai.

"Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta," in ji ta. "Da bayana na goya shi."

Iya ta yi shekaru tana raino a gidan wani malamin lissafi ɗan Pakistan da ya koyar a nan Lafiya. Ɗansu na fari a hannunta ya tashi, ita ta laƙaba masa Dogo, ita ta koya masa cin sakwara da hannu. Yana shekara shida suka koma ƙasarsu, amma zumunci bai yanke ba. Duk sallah uwarsa sai ta kira wayar babana, ita da Iya su yi ta hira da 'yar Hausar da ta rage mata.

"Wani wasa suke yi a can, wai kurket," Iya kan ce. "A kafa sanduna uku, wani ya tare gabansu da katako, wani kuma ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar goruba. To Dogona shi ne mai wurgin. In ya saki, kafin mai katako ya ɗaga hannu sanduna sun watse." Yana shekara goma sha takwas aka sa masa koriyar riga, ya fara yi wa ƙasarsu wasa. Aka zaga da shi duniya, yara suka riƙa yin aski irin nasa.

Sai baya ya soma yi masa ciwo. Akwai kawunsa, ƙanen uwarsa, wanda ke riƙe masa jaka yana kuma yin magana da yawunsa. Shi ya ce masa kul ya bari likitocin ƙungiya su ji, don in suka zaunar da shi wata shida, wani zai gaje wurinsa. A ɓoye yake kai shi wajen wani likita ana yi masa allurar kashe zafi, ya fita fili ya yi ta jifa.

Sau ɗaya Iya ta taɓa ganinsa a talabijin. Babana ne ya kai ta gidan wani abokinsa mai dish. Ba ta gane komai a wasan ba, amma ta lura duk sanda ya yi jifa sai ya dafe ƙugu kafin ya juya. Ta miƙe tsaye a falon mutane tana cewa, "Yaron nan bayansa na ciwo! Ku makafi ne?" Aka yi mata dariya. Ba a rufa shekara ba ƙashin bayan ya tsage. Yana ashirin da biyu wasa ya ƙare masa, waɗanda suka yi masa tafi jiya suka koma kiransa rago, kawun kuwa ya sami wani yaron ya riƙe masa jaka.

In ta zo nan sai ta soki doyar da wuƙa kamar ita ta yi mata laifi. "Jininsa fa! Ɗan 'yar'uwarsa! Allah ya isa tsakanina da mutumin nan." Mu ma sai mu amsa da Allah ya isa, ni har da tofar da yawu. Na tsani kawun nan da ban taɓa gani ba, ina zana shi a raina da jajayen idanu da ƙaton tumbi.

Iya ta rasu ina makarantar horon malamai. Da na gama aka tura ni wata sakandare wajen Shabu, aka ba ni wasanni. Ranar da aka kawo mana kayan kurket duk malamai suka yi cirko-cirko, ni kuwa na ce a bar mini, ai tun ina ɓarar agushi na san shi. Cikin ɗalibaina akwai Dooshima, 'yar wani manomi Batibi, doguwa, mai ƙarfin kafaɗa saboda ɗaukar doya. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Da aka ce masu zaɓen 'yan wasa za su zo, na san da ita za su tafi, na kuma san sunana za a ambata.

Saura sati uku su zo na ga ta yi jifa ta dafe ƙugu. Na gani sarai, na kau da kai. Washegari ta same ni da kanta ta ce, "Malam, bayana yana mini ciwo." Me na yi? Na hau babur na je kemis, na sayo ƙwayoyi da man zafi, na danƙa mata na ce, "Kada ki gaya wa kowa. In an ɗauke ki kya huta." Ni ɗin nan, mai tofar da yawu.

An ɗauke ta kuwa. Sati biyu a sansani ta faɗi tsakiyar fili, aka yi hoto aka ga tsaga a ƙashin baya. Likita ya ce da an zaunar da ita tun farko da ya haɗe da kansa. Yanzu ko daro ba ta iya ɗorawa a ka, in ta hau babur zuwa asibiti sai ta yi hawaye.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne Iya ta ba mu labarin daidai, ni ne na ji shi a karkace. Na ɗauka mugu daban yake da mutane. Ashe kawun Dogo ma yana son yaronsa, kamar yadda nake son ɗalibata, kuma na tabbata shi ma ce wa kansa ya yi don amfanin yaron yake yi. Wannan ƙaryar daɗi gare ta, ni ma na lashe ta tas.

Wata Litinin uban Dooshima ya zo makaranta. Na yi zaton da adda zai shigo, sai ga shi da hula a hannu yana gaishe ni. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji.

"Malam, na zo ba ka haƙuri," in ji shi. "Yarinya ya ce shi ne ya ɓoye ciwo, bai gaya maka ba. Ya ce ya ɓata maka aiki."

Wato har a gadon asibiti tana riƙe da umarnina. Da na yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Na ce, "Baba, ta gaya mini. Ni na ce ta rufe bakinta."

Ya mayar da hularsa.

"To tashi ka hau bayana," in ji shi, yana nuna babur ɗinsa. "Wata biyu ina zagin yarinya a kan wannan magana. Ka zo ka faɗa a gabansa, a gaban uwarsa, yadda ka faɗa mini."