Ruwan Cukun Inna

Wautata ba ta ƙuruciya ba ce, da furfurata na yi ta. Aji uku na yi a firamare malamin ya ce in je gida in huta, amma wannan ba uzuri ba ne, don abin da na yi ko jaki aka ja wa kunne zai kiyaye.

Lokacin ina jan wata tsohuwar mota tsakanin Bungudu da Gusau. A gefen garin Bungudu akwai wata dattijuwar Bafillatana da ɓarayi suka kore garkensu, suka bar mata saniya ɗaya da ɗan maraƙi. Ina ce mata Inna, ita kuma tana ce mini direban kura, don motata ba ta tashi sai an tura.

Cuku take yi. Na sha tsayawa kallo. Takan ɗora madarar safe a wuta kaɗan-kaɗan, ta daka ganyen tumfafiya ta tace a ciki, ta zauna ta zuba ido har madarar ta tsinke, farin ya taso. Sai ta kwashe cikin 'yan kwandunan kaba ya tsane, ta mayar da shi cikin ruwansa. Matsalar ita ce mutanenmu nono suka sani, ba mai sayen cuku. Ta faɗa mini in har saniyar ba ta ciyar da kanta ba, kafin damina za ta rabu da ita.

Ni na kawo dabara. Wata Hajiya mai abinci kusa da tasha a Gusau ta ce a kawo ta ɗanɗana, in ya yi mata, kullum za ta karɓa. Ran nan Inna har maraƙin ta rage wa rabonsa. Ta miƙo mini fanteka cike, ta ja mini kunne sau uku kada in raba cukun da ruwansa, ga zafin bazara.

“Ruwan nan shi ne ransa,” in ji ta.

Na ce to, Inna, kamar mutumin kirki.

Sai dai ranar sabuwar shadda na sa, zan je sunan jikan abokina. Duk ramin da muka faɗa sai ruwan ya fantsamo mini. Ba mu yi nisa ba na tsaya, na tsiyaye shi tas a bakin titi, na ce wa fasinjoji tsohuwa ta ɗoro mini rijiya. Suka yi dariya, na ji daɗi. Na kuma jefa cuku guda biyu a baki, wai ladan dako. Da muka isa Gusau ban nufi wurin Hajiya ba, wurin suna na wuce, na bar motar a rana ina cin tuwo har la'asar.

Da Hajiya ta buɗe murfin, cukun ya yi yauƙi, tsami ya buge mu. Ta ture fantekar, ta ce kada in sake kawo mata.

Na koma na shirga wa Inna ƙarya, na ce mutanen Gusau awarar waken suya suka saba da ita, ba su san abin kirki ba. Ta karɓi fantekar, ta shafa gindinta da yatsa, ta dubi ɓurɓushin da ya bushe ya manne. 

Kullum ina wucewa ta gaban shagon Hajiya. Da na tsaya na ce laifina ne, a ƙara gwadawa, wataƙila da ta yarda. Kunyar a ce dattijo kamar ni ya yi haka ta hana ni.

Kafin ruwan farko Inna ta sayar da saniyar da maraƙin, ta ce za ta koma wurin ɗiyarta a 'Yandoto. Ni na ɗauko ta zuwa Gusau ta hau motar Tsafe. Duk hanya ina ta zuba barkwanci, tana kallon taga. Da ta sauka, ta gyara ƙullin kayanta, 'yan kwandunan kabar suna leƙe, ta sunkuyo ta tagar gefena, muryarta ƙasa-ƙasa don kada fasinjoji su ji.

“Direban kura, ruwan nan nauyi ya yi maka ne?”